Rana a Cikin Akwati: Yadda Ake Zaɓen Fitilar Altirabayolet Domin Dabbobi Masu Jan Ciki

Gabatarwa

A cikin shekarun 1990 wani yayi ya shigo ƙasar Amurka, na kiwon wani babban ƙadangare kore shar da ake kira iguwana, wanda asalinsa daga dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake. Kowace shekara akan shigo da dubban ɗaruruwan 'ya'yansa a sayar wa masu sha'awa, su kai gida su ajiye cikin akwatunan gilashi. Masu kiwon nan ba su yi rowar abinci ba, ba su kuma bar dabbobin cikin sanyi ba. Amma duk da haka, kafin shekara ta zagayo sai a ga muƙamuƙin da yawa daga cikinsu ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, suna jan jiki da ƙyar, har ƙashi ya karye ba tare da an buge shi ba. Likitocin dabbobi sun ga wannan ciwo har ya zama musu abin yau da kullum. Abubuwa biyu ne suka fi jawo shi: abincin da ba shi da isasshen sinadarin kalsiyam, da kuma rashin wani irin haske da ke cikin rana, wanda idon ɗan Adam ba ya iya gani.

Yayin iguwana ya ja baya, amma kiwon dabbobi masu jan ciki don sha'awa sai ƙara bunƙasa ya yi a Amurka, da Ingila, da Jamus, da Japan. Cikin waɗanda aka fi kiwo akwai ƙadangare mai gemu na ƙasar Ostareliya, da tsaka mai zanen damisa ta ƙasashen Pakistan da Afganistan, da hawainiya iri-iri. Akwai kuma 'yan asalin Afirka ta Yamma, kamar damo da wata 'yar ƙaramar mesa da ake fitarwa daga Gana da Togo da Jamhuriyar Binin, da babban kunkurun nan na yankin Sahil. Dukkansu an raba su da ranar ƙasarsu an sa su cikin ɗaki, saboda haka tilas mai kiwo ya samar musu abin da zai maye gurbinta. Fitilun da ake sayarwa domin wannan aiki suna da yawa. Wasu na da amfani, wasu ba su tsinana kome, wasu ma lahanta idon dabba suke yi.

Hasken da ido ba ya gani

Haske yana tafiya ne tamkar igiyar ruwa, kuma abin da ya bambanta wani launi da wani shi ne tsawon zangon igiyarsa, kamar dai yadda ma'abota sauraren rediyo suka san akwai gajeren zango da matsakaicin zango. Sai dai zangon rediyo da mita ake auna shi, na haske kuwa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita. Idon mutum yana ganin abin da ya kama daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Su ne launukan bakan gizo, ja ya fi kowanne tsawon zango, shunayya kuma ya fi gajarta.

A shekarar 1801 wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Johann Ritter ya rarraba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku, sa'an nan ya shimfiɗa takardar da aka shafa wa wani gishirin azurfa, wanda yakan yi baƙi idan haske ya taɓa shi. Sai ya ga takardar ta fi saurin yin baƙi a gaba da launin shunayya, inda ido ba ya ganin kome. Wannan ɓoyayyen haske shi ake kira altirabayolet, ma'ana na gaba da shunayya. A taƙaice akan rubuta shi UV, kuma haka yake a jikin kwalayen fitilu.

Masana sun kasa shi kashi uku. UVA ya kama daga nanomita 315 zuwa 400, UVB daga 280 zuwa 315, UVC kuma daga 100 zuwa 280. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon ƙarfin haske na yin illa ga jiki. UVC kashe ƙwayoyin halitta yake yi, amma iskar ozon da ke can sama tana tare shi baki ɗaya, ta kuma tare mafi yawan UVB. Ɗan abin da ke isowa ƙasa na UVB ya danganta da yadda rana ta ɗaga. Birnin Kano yana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ranarsa tana ɗagawa sosai duk shekara. Landan kuwa tana kan digiri 51, kuma daga wajen Oktoba zuwa Maris ranarta ba ta ɗagawa yadda UVB mai amfani zai sauko.

Shi UVA, ko da yake mutum ba ya ganinsa, ƙadangaru da kunkuru da yawa suna gani, domin idonsu na da ƙwayoyin tantance launi iri huɗu, na mutum kuwa uku. Fitilar da ba ta ba da UVA tana sauya wa dabba kamannin abincinta da na 'yan'uwanta. Amma wanda rashinsa ke kisa shi ne UVB.

Daga fata zuwa ƙashi

A cikin fatar dabba, da ta mutum ma, akwai wani sinadari ɗan'uwan kolestarol. Idan UVB mai zangon nanomita 290 zuwa 315 ya sauka kan fata, sai ya sauya wannan sinadari zuwa abin da za a iya kira ɗanyen bitamin D3. Ɗumin jiki ne ke ƙarasa nuna shi ya zama cikakken bitamin. Daga nan jini ya ɗauke shi zuwa hanta, ta yi masa gyara na farko, ya wuce ƙoda, ta yi masa na biyu. Sai bayan haka ne yake iya aikinsa, watau sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci ya shigar cikin jini.

A nan akwai abin lura. Ƙadangare da kunkuru da maciji ba su ɗumama jikinsu daga ciki kamar akuya ko kaza, daga waje suke samun zafi. Saboda haka idan an ba su UVB ba tare da zafi ba, aikin tafiyar hawainiya zai yi. A daji rana ce ke ba da duka biyun a lokaci guda, a wuri guda.

Idan kalsiyam ya yi ƙaranci cikin jini, tsoka da jijiyoyi da zuciya ba su iya aiki daidai. Don tsira da rai, sai wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke wajen wuya su saki wani sinadari mai narkar da kalsiyam daga ƙashi ya mayar da shi cikin jini. Jiki ya koma cin gininsa ke nan. Sannu a hankali ƙashi ya yi laushi, gadon baya ya lanƙwashe, yatsu su riƙa karkarwa, ƙoƙon bayan ɗan kunkuru ya riƙa lotsawa idan an danna, mace kuma ta kasa fitar da ƙwanta. Hausawa na yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, kuma lalle dabbobin nan suna da ɓoye ciwo, ta yadda kafin mai kiwo ya ankara abin ya yi nisa. Likita na iya tsayar da ciwon, amma ƙashin da ya riga ya karkace ba kasafai yake miƙewa ba.

Wannan ciwo ɗan'uwan laushin ƙashin yara ne, mai haddasa gwame da lanƙwasar ƙafa, wanda ya addabi biranen Turai masu hayaƙin masana'antu. A shekarar 1919 wani likitan yara a Balin, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara masu wannan ciwo ta hanyar haska musu fitilar zaiba mai fitar da altirabayolet. Fitilun da ake sa wa dabbobi a yau jikokin wannan fitila ne.

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a barbaɗa garin bitamin D3 a abinci a huta? Ana yin haka, amma yana da matsala biyu. Ta farko, jiki na tara wannan bitamin, kuma idan ya wuce kima yakan sa kalsiyam ya daskare a ƙoda da jijiyoyin jini. Fata kuwa tana da birki, domin idan ɗanyen bitamin ya yi yawa, hasken da ya samar da shi ne ke juya rarar zuwa wasu sinadarai marasa wannan aiki. Ta biyu, wani bincike da aka buga a shekarar 2010 daga ƙasar Holan kan 'ya'yan ƙadangare mai gemu ya nuna cewa waɗanda aka haska wa UVB na awa biyu kacal a rana sun fi waɗanda aka ba bitamin a abinci yawansa cikin jini nesa ba kusa ba. Sai dai fitila ma ba ta isa ita kaɗai ba. Ƙwarin da ake ciyar da su, kamar gyare, ba su da kalsiyam sosai, don haka ake barbaɗa musu garinsa.

Kowace dabba da rabonta na rana

Tambayar da ta fi wuya ita ce, yaya yawan hasken zai kasance? Don auna ƙarfin altirabayolet akwai wani ma'auni da masanan ƙasar Kanada suka fito da shi a shekarar 1992 domin gargaɗin mutane kan ƙunar rana, wanda daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungume shi. Yana farawa daga sifiri, kuma abin da ya kai 11 ko ya wuce ana ɗaukarsa mai tsananin gaske. A ƙasashe masu zafi, da tsakar rana, idan sararin sama ya washe, yakan wuce 11 ɗin.

Farfesa Gary Ferguson na wata jami'a a jihar Teksas ta Amurka, shi da abokan aikinsa, sun bi ƙadangaru da macizai iri 15 a kudancin Amurka da tsibirin Jamaika, suna auna wannan lamba a daidai wurin da suka tarar da kowace dabba. Sakamakon da suka buga a shekarar 2010 ya kasa dabbobin rukuni huɗu. Rukuni na ɗaya su ne mazauna inuwa da masu fita da almuru, lambarsu daga 0 zuwa 0.7. Na biyu masu shan rana jefi-jefi, 0.7 zuwa 1.0. Na uku masu shan hantsi a fili, 1.0 zuwa 2.6. Na huɗu kuma masu jure ranar tsaka, 2.6 zuwa 3.5. Waɗannan lambobi na galibin yini ne. Mafi girman abin da aka auna shi ne 7.4 a rukuni na uku, da 9.5 a na huɗu. Wannan ya nuna cewa ko gwanayen shan rana ba su tsayawa cikinta yini guda, sukan sha gwargwadon buƙata su koma inuwa.

Wani binciken da Ferguson ya yi a shekarar 2003 kan wata hawainiyar Madagaskar ya ƙara fito da abin fili. Waɗanda aka rage wa bitamin D3 a abinci sun fi yawan zuwa ƙarƙashin hasken UV, waɗanda aka wadata kuwa sun rage zuwa. Ashe dabba ta san buƙatarta, muddin an ba ta zaɓi.

A shekarar 2016 wata likitar dabbobi a Birtaniya, Frances Baines, tare da ma'aikatan gidajen namun daji, ta faɗaɗa wannan tsari ya game dabbobi iri 254. Bisa ga haka, tsaka mai zanen damisa tana rukuni na ɗaya, ƙadangare mai gemu galibi ana sa shi a na uku, shi kuwa ƙadangaren hamada mai ƙaya a wutsiya, wanda ake samun wani irinsa a duwatsun Azbin, yana can sama cikin masu jure rana. Dabbobin rukuni na ɗaya da na biyu akan shimfiɗa musu haske mai rauni a fili mai faɗi, kamar na ƙarƙashin bishiya. Na uku da na huɗu akan yi musu wurin shan rana mai ƙarfi a gefe ɗaya. Saboda haka matakin farko na zaɓen fitila shi ne sanin sunan dabbar, da ƙasarta, da lokacin da take fita.

Ire-iren fitilu

Wadda masana suka fi amincewa da ita ita ce doguwar fitilar fulorasan da aka ƙera musamman don wannan aiki. Cikinta akwai tururin zaiba, wanda idan lantarki ya ratsa shi yake fitar da UVC. Farin garin da aka shafa a bangon ciki shi ke juya wannan zuwa hasken gani da UVA da UVB, gilashinta kuma na musamman ne mai barin UVB ya wuce. Iri biyu ce: T8 mai kaurin kimanin milimita 26, da T5 mai kaurin milimita 16, wadda duk da sirantakarta ta fi ƙarfi da nisan zango. Lambobin da ake gani a kwali, kamar 5.0 da 10.0, ko 6% da 12%, suna nuna kason UVB cikin hasken da fitilar ke fitarwa. Ba su nuna abin da zai isa bayan dabba.

Akwai ƙaramin ƙwan fulorasan mai murɗe. Shi haskensa yana da ƙarfi daf da shi, amma da an ɗan matsa sai ya faɗi, kuma fili kaɗan yake rufewa. A wajen shekarar 2007 an sami wasu irinsa da ke fitar da haske mai zango gajere fiye da na rana, abin da ya sa idanun dabbobi suka kumbura suka rufe, har sai da aka cire fitilun. Sa'an nan akwai babban ƙwan zaiba mai ba da zafi da UVB tare. Ya dace da babban keji, sai dai ba a iya rage zafinsa da na'urar daidaita zafi, kuma idan aka ɗaga shi don rage zafi an rage UVB ke nan. Fitilun LED masu ba da UVB sababbin shigowa ne, zangon haskensu ƙunci gare shi, bai yi kama da na rana ba, don haka masana ke jan kunne a kansu.

Kama da wane ba ta wane. Ƙwan lantarki na gida da na halojin suna ba da zafi mai kyau, amma babu UVB na a zo a gani a cikinsu. Fulorasan na ofis da na aji haka. Shuɗiyar fitilar da ake duba jabun kuɗi da ita UVA ce kawai. Wadda ake kashe ƙwayoyin cuta da ita a asibiti kuwa UVC ce zalla mai zangon nanomita 254, tana ƙone ido da fata, ta dabba da ta mutum, kuma bai halatta ta kusanci keji ba.

Dasa fitila da kula da ita

Fitila mai kyau na iya zama banza, ko ta zama dafi, saboda inda aka sa ta. Abu na farko shi ne tazara. Hasken da ke fitowa daga ƙaramin ƙwai, idan aka ninka tazararsa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Na doguwar fitila bai kai haka saurin faɗuwa ba, amma T8 mai rauni ba ta da wani tasiri idan an wuce kimanin santimita 30. T5 mai ƙarfi kuwa, idan ta yi kusa ainun, tana iya wuce ranar tsaka zafi. Daga bayan dabba ake auna tazarar, lokacin da take kwance a wurin shan ranarta.

Na biyu shi ne shamaki. Gilashin taga yana barin hasken gani ya wuce amma yana tare kusan dukkan UVB, haka ma galibin roba mai garai-garai. Wayar raga da ake rufe keji da ita tana iya cinye sulusi har zuwa rabi. Faranti mai ƙyalli a bayan fitila kuwa ƙara abin da ke sauka ƙasa yake yi.

Na uku, a haɗa fitilar UVB da ta zafi a gefe guda, dukkansu daga sama, domin girar ƙadangare daga sama take kare idonsa. Doguwar fitila ta rufe kimanin rabin keji, sauran rabin ya zama mai sanyi da inuwa da maɓoya. A kunna kimanin awa 12, a kashe da dare. Zabiyar dabba kuma a sassauta mata, don fatarta da idonta ba su da kariya.

Na huɗu shi ne tsufa. Garin da ke cikin fitila yana lalacewa, UVB ya ragu alhali tana ci gaba da haske fes, ido ba zai gane ba. Don haka ake sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta, kuma yana da kyau a rubuta ranar da aka sa ta a jikinta. Hanyar tabbatarwa ita ce na'urar awo ta hannu, irin su Solarmeter 6.5, wadda gidajen namun daji ke amfani da ita. Tsohuwar fitila kuma kada a fasa ta, saboda zaibar da ke ciki guba ce.

Inda rana ta wadata

A ƙasar Hausa akwai gidajen da ke ajiye kunkuru a tsakar gida, wasu makarantu kuma na ajiye ƙananan dabbobi a ɗakin gwaje-gwaje. Masu irin wannan kiwo ba su da buƙatar sayen fitila, domin babu wadda aka ƙera da ta kai rana. Abin da ake so shi ne gewayayyen wuri a waje, inda hantsi ke sauka kai tsaye, da inuwa mai kauri, da ruwa. Shi kansa kunkurun Sahil, wanda shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, rami mai zurfi yake haƙawa ya shige idan rana ta take. Kuskure biyu ne ya kamata a guje wa. Ajiye akwati kusa da rufaffiyar tagar gilashi ba ya ba da UVB. Fitar da akwatin gilashi cikin rana kuwa ya fi muni, don zafi na taruwa ciki ya kashe dabba cikin ɗan lokaci.

Malamin ilmin halittu na iya nuna wa ɗalibansa wannan darasi ba tare da kashe ko kwabo ba. A zaɓi bango ɗaya a makaranta, a riƙa ƙirga ƙadangarun da ke cikin rana da na cikin inuwa kowace awa, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, a zana jadawali. A kuma lura da jangwada, yadda launinsa yake a dushe da sanyin safiya, sa'an nan kansa ya yi ja bayan ya sha hantsi.

Kammalawa

Zaɓen fitilar altirabayolet yana farawa ne daga sanin rayuwar dabba a ƙasarta ta asali. Bayan haka sai a nemi fitilar da ke ba da UVB irin na rana, a dasa ta a tazarar da ta dace ba tare da gilashi a tsakani ba, a haɗa ta da zafi, a bar inuwa, a kuma sauya ta kan lokaci. Wanda ya raba dabba da dajinta ya ɗauki amanar duk abin da dajin ke ba ta, har da wanda idonsa ba ya gani. Idan ba zai iya sauke wannan amana ba, barinta inda Allah ya ajiye ta ya fi alheri gare su duka.